Tsohuwar Zuma: Zaman Aure Bayan Furfura

A gidajenmu da dama, da zarar an aurar da 'yar fari sai miji da mata su fara ja da baya. Hajiya ta tare a ɗakinta da jikoki, Alhaji ya koma zaure ko majalisa, maganarsu ba ta wuce cefane da labarin wanda ya rasu a unguwa. In aka gan su suna raha, sai ka ji ana cewa, "Haba, ai an girma!" Wannan kunya tana da tsada, kuma da lafiyar dattawanmu ake biyan ta.

A shekarar 1938 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta fara bibiyar rayuwar wasu samari ɗalibanta, daga baya aka haɗa da yaran unguwannin talakawa na birnin Boston, su 724 gaba ɗaya. An bi su har tsufa, ana duba jininsu, ana tattaunawa da matansu. Shugaban binciken, Robert Waldinger, ya bayyana cewa waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da iyali suna da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. Dattawan da ke zaman daɗi da abokan aurensu, ko ranar da ciwon jiki ya tsananta ransu ba ya ɓaci sosai. Masu zaman doya da manja kuwa, ɓacin rai ke ƙara musu raɗaɗi. Ashe igiyar aure kaɗai ba ta wadatar ba, sai zaman ya yi armashi.

To me ke ɓata zaman? Da farko jiki ne ke sauyawa. Mace kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, abin ya zo da zufa cikin dare, rashin barci, saurin fushi da bushewar gaba. Namiji kuma ciwon suga da hawan jini kan raunana masa kuzari. Babu mai iya buɗe baki ya faɗa. Ita tana zaton ya gaji da ita, shi yana jin girmansa ya zube, sai ya nufi mai maganin maza na bakin tasha, alhali irin wannan haɗi na iya jefa mai ciwon zuciya cikin hatsari. Duk waɗannan likita na da abin yi a kansu. Sannan ga ritaya: mutumin da ya saba fita kullum ya dawo gida da jiran fansho, ya huce takaicinsa a kan uwargida. Wani kuma ya ƙaro amarya, ya ce da ta farko, "Ke ai uwa ce yanzu," ya sallame ta daga turaka ba tare da ya tambayi ra'ayinta ba.

Zawarawa sun fi kowa shan wuya. Dattijo matarsa ta rasu, kafin wata uku 'ya'ya sun nemo masa mai kula da shi. Dattijuwa kuwa ta fita takaba ta wata huɗu da kwana goma, in manemi ya fito sai 'ya'yan su ce, "Mama, me muka rage ki da shi?" Sun manta abinci da sutura ba sa maye gurbin abokin hira. Bayan rasuwar Nana Khadija, Khaulatu 'yar Hakim ce ta ba Manzon Allah (SAW) shawarar yin aure, ya auri Nana Saudatu, bazawara mai shekaru. Wanda ya hana mahaifiyarsa abin da shari'a ta halatta mata, kunyar jama'a yake karewa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Alhaji ya riƙa cin tuwon dare tare da Hajiya, su raka juna asibiti, kowa ya san maganin da ɗan'uwansa ke sha. A yafe tsofaffin laifuffuka, a daina kai ƙarar juna wurin 'ya'ya. 'Ya'ya kuma su rage jibge wa iyaye renon jikoki dare da rana. Malamai su sanya zaman dattawa cikin wa'azinsu kamar yadda suke yi wa ango da amarya nasiha, domin ma'auratan da suka yi shekara 40 tare su ma suna da haƙƙi a kan juna har ranar rabuwa.