Yadda za mu raba tabki da muguwar ciyawa ba tare da mun kashe abin da ke cikinsa ba

Ƴan'uwa makiyaya, a tarurrukan da nake yi da ƙungiyoyinmu a ƙasar Kornaka, da zarar kaka ta yi akwai tambayar da ba ta wucewa: ciyawa ta cinye bakin tabki, mashaya ta matse, shin mu sayo maganin feshi mu gama da ita? Amsata kullum a'a ce. Ga dalilina, ga kuma hanyar da nake ba da shawara a bi.

Mu fara sanin ciyawar

Akasarin tabkunanmu na damina ne, suna ƙafewa kafin rani ya yi nisa. Amma waɗanda aka yashe aka ƙara musu zurfi, da na ƙwarin Gulbin Kaba masu riƙe ruwa wata da watanni, su ne ciyawa ta fi kamawa. Iri huɗu ne suka fi damunmu.

Kacala doguwa ce, takan fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Tana son ruwa marar zurfi da ke daɗewa a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa kai garke yankin Haɗeja da Nguru a Najeriya ya ga aikinta. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina cika da janyewa yadda ya saba, sai kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da makiyaya, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Kai ɗaya yana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, iska ce ke raba shi, saiwarta kuma tana tafiya a ƙarƙashin taɓo.

Kainuwa a kan ruwa take yawo. Ana mata kirari da dashen Allah, amma idan ta rufe fuskar tabki takan hana rana da iska shiga, kifi ya wahala.

Duman kada yana shimfiɗa ne a gefen ruwa. Yana nan kore shar lokacin da sauran ciyawa ta bushe, shi ya sa dabba mai yunwa ke cin sa. Idan ta ci da yawa sai ka ga tana karkarwa da tangaɗi, musamman tumaki da awaki da ƴan maruƙa.

Garmani kuwa ba na ruwa ba ne, amma shi ya cinye burtaloli da makiyaya da yawa a jihar Maraɗi, har bakin tabki. Bisashe ba sa son sa, inda ya kafu kuma ciyawar kirki ba ta fitowa.

Abin da ya haɗa ciyawa da ciwon hanta

Dabba mai tsutsar hanta tana zubar da ƙwan tsutsar a cikin kashinta. Idan kashin ya shiga ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zaune a cikin ciyawar ruwa. Bayan ƴan makonni ta fito ta manne a jikin ganye, saniya ta zo ta ci. Daga nan sai rama, kumburi a ƙarƙashin haɓa, dasashi ya yi fari, nono ya ragu, a mahauta kuma a zubar da hantar. Wani dangin katantanwar shi ke ɗauke da tsargiya, mai sa yaranmu fitsarin jini. Ciyawa mai duhu ita ce gidan katantanwa da matsattsaku da sauro. Don haka share mashaya aikin lafiyar dabba ne, kamar allurar rigakafi.

Me ya sa ban yarda da feshi ba

Ruwan da za a fesa shi ne garke zai sha da yamma, shi ne mata za su ɗiba. Wasu magungunan da ake sayarwa a kasuwa ba su da takarda, wasu ma, irin su paraquat, ƙasashen CILSS sun hana amfani da su. Ko maganin bai kashe dabba ba, ciyawar da ta mutu gaba ɗaya za ta ruɓe a cikin ruwa, ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi wari, shanu su ƙi sha. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Wuta ma ba ta da amfani. Tana ƙone ganyen kacala, saiwar na nan lafiya a cikin taɓo, bayan kwanaki ta tofo. Abin da wuta ke kashewa shi ne sheƙar tsuntsu da kwaɗi da kunkuru, ga haɗarin ta tsallaka cikin makiyaya.

Waɗannan halittu kuwa ma'aikatanmu ne da ba ma biya. Tarwaɗa da agwagin ruwa irin su kirinjijiya suna cin katantanwa. Ƴaƴan mazari da ƙananan kifi suna cin ƴaƴan sauro. Kwaɗi, belbela da shamuwa suna rage fara da ƙwari. Tabkin da aka kashe waɗannan a cikinsa, katantanwa da sauro ne ke fara dawowa, kuma babu mai tare su.

Lokacin aiki

Ga ciyawar cikin ruwa, na fi son bayan kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Kwaɗi sun gama ƙwai, yawancin tsuntsayen da suka yi sheƙa da damina sun tashi da ƴaƴansu, hannu ya samu daga gona, ruwa kuma yana da sauran zurfi. Garmani kuwa da damina ake tuge shi, ƙasa na da laushi, kafin ya zuba iri.

Yadda ake yi

1. A zagaya tabkin tukuna da safe. Inda aka ga sheƙa mai ƙwai ko ƴaƴa, a kafa sanda a bar wurin.

2. A raba tabkin uku. A fara da gefen da bisashe ke shiga, a buɗe mashaya mai faɗi yadda garke ba zai yi turereniya ba. Kashi na biyu sai bayan mako biyu ko uku. Kashi na uku a bar shi bana ya zama mafaka. Bado da sauran tsirran da muka gada a tabki ba abokan gaba ba ne, kada a taɓa su.

3. Kacala a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, kamar taƙi ɗaya ko fiye daga fuskar ruwa. Sirrin shi ne ta ganye saiwarta ke samun iska. Idan kututturen ya nutse, saiwar ta shaƙe. Wanda ya yanke ta a saman ruwa aski kawai ya yi mata. Da ta sake leƙowa a koma, sau biyu ko uku a shekara. Idan ta riga ta yi kai, a fara yanke kawunan a zuba a buhu.

4. Kainuwa da manjagara ko dogon itace ake jawo ta bakin ruwa a hankali, a tsince har ƙanana, domin ƴar guda ɗaya tana sake cika tabki. Duman kada a bi jijiyarsa a tuge.

5. Abin da aka fitar a baza shi dab da ruwa kwana ɗaya ko biyu. Ƴan kwaɗi da ƙwarin ruwa da suka maƙale za su koma da kansu. Amma kada ya wuce haka, kuma a tsare kada dabba ta ci. Sannan a kwashe da amalanke zuwa tudu, nesa da inda ruwan sama zai mayar da shi.

6. Idan tabki ya ƙafe da rani ana iya haƙe saiwar kacala a shanya a rana. A nan ma gefe guda za a haƙa, domin gaiwa da kwaɗi suna kwance a cikin busasshen taɓo suna jiran ruwan fari.

7. Inda aka tuge garmani kada a bar ƙasa tsirara. A watsa irin kyasuwa, burburwa ko gamba, a yi yarjejeniya a huta da wurin har ciyawar ta zuba iri.

Masu shiga ruwa su sa takalmin roba da safar hannu, su riƙa buga sanda saboda maciji. Yara ba sa cikin wannan aiki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganin tsargiya yana nan.

Abin da aka yanke ba shara ba ne

Busasshiyar kacala tana yin tabarma, shinge da rufin rumfa. A Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita. Kainuwa da ganyen da babu iri a ciki suna yin taki idan aka haɗa da kashin dabbobi a rami. Ɗanyar ciyawar da ta fito daga ruwa kada a ba dabba, sai ta sha rana makonni ta bushe ƙarau, don tsutsar hanta na iya manne a jikinta. Duman kada kuwa ko ya bushe ba na ci ba ne. Lauje, manjagara da ƙafar amalanke a wanke su kafin a kai su wani tabki.

Aikin na kowa ne

Dokar makiyaya ta 2010 ta ɗauki ruwan tabki a matsayin abin da kowa ke da haƙƙin sha, don haka hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a sa rana, ƙungiya ta zauna da maigari, da hukumar filaye ta COFO, da ma'aikacin gandun daji, da masu lambu da masunta idan akwai, a kuma sanar da baƙin makiyaya masu wucewa. A naɗa mutum biyu ko uku da za su riƙa duba tabkin duk wata, domin tsiro goma da aka tuge yau ya fi gayyar mutum hamsin baɗi.

Share ciyawa yana rage katantanwa, amma ba ya fitar da tsutsar da ta riga ta shiga hanta. Garken da ya sha tabki duk damina, a kira likitan dabbobi na SVPP ko mataimakinsa na gari ya duba shi bayan kaka, ya faɗi maganin da ya dace, da awonsa, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.