Kare kai ko kisan kai: abin da shari'ar Sunday Jackson ta ce da abin da ba ta ce ba

Tun da Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomi daga ƙaramar hukumar Demsa ta jihar Adamawa, a watan Maris na 2025, ake yaɗa wata magana a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp: wai a Najeriya an haramta wa mutum kare kansa, in an zo kashe ka sai ka miƙa wuya. Wannan ba gaskiya ba ne. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya ce ba a tauye wannan haƙƙi ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi don kare wani daga farmaki ko kare dukiya. Dokar Final Kod, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ta yarda kariyar ta kai ga kisa idan akwai fargaba mai dalili ta mutuwa ko mummunan rauni. Babu alƙalin da ya soke ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da aka yi jayayya a kansa ƙarami ne a baki, amma rai ya rataya a kansa. Wani makiyayi ya kai wa Jackson hari da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, Jackson ya yi kokawa da makiyayin har ya ƙwace wuƙar, sannan ya soke shi a wuya, makiyayin ya mutu. Babbar kotu a Yola a 2021, da kotunan da suka biyo bayanta, sun ce daga lokacin da wuƙa ta koma hannunsa haɗarin ya kau, yana da damar gudu, don haka abin da ya biyo baya ya wuce kariya. Doka kuwa ta faɗa a sarari cewa kare kai ba ya halatta cutarwar da ta fi wadda ake bukata. Ƙa'idar daidai take, ko a fiƙihu ma ana tunkuɗe mai farmaki ne da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Inda nake ganin kotu ta tsananta shi ne wajen ɗora ƙa'idar a kan wannan mutum. Wanda jini ke zuba a jikinsa, yana cikin daji ba ɗan sanda ba maƙwabci, abokin kokawarsa kuma bai bar wurin ba, da wuya a ce ya san daƙiƙar da haɗari ya ƙare. A Kotun Ƙoli, Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran alƙalan, ta karɓi hujjar kare kai. Kuma ita Final Kod ɗin ta tanadi matsakaicin mataki: wanda ya zarce iyakar kariya da kyakkyawar niyya, ba tare da ya shirya kisa ba, laifinsa ba na hukuncin kisa ba ne. Saboda haka mai cewa hukuncin ya yi tsauri yana da hujja. Mai cewa an soke haƙƙin kare kai ƙari ya yi.

Akwai masu cewa a ƙasar da 'yan bindiga ke tashin gari guda, maganar auna ƙarfi maganar masu zama a ofis ce, duk wanda ya fara taɓa ka jininsa ya halatta. Fushin da ke bayan wannan magana na gaskiya ne, amma a dubi inda take kaiwa. A ƙarshen watan Maris na 2025 ɗin, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke komawa gida sallah, aka ga bindigogin toka, aka kira su masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Kalmar tsaron kai aka fake da ita. Iyakar da ta ce kariya tana ƙarewa da ƙarewar haɗari, kuma zato ba farmaki ba ne, ita ce ta mai da abin da aka yi a Uromi kisan gilla a idon doka. Abin damuwa shi ne yadda mutane da yawa suka zaɓi wadda za su yi wa kuka tsakanin al'amuran biyu gwargwadon addini da ƙabilar wanda ya mutu, alhali tambayar da doka ke yi iri ɗaya ce ko manomi ne ya riƙe wuƙar ko makiyayi.

'Yan siyasa sun ƙara dagula lissafin. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga a 2022. Daga nan wasu suka ɗauka an ba da izini. Jawabin babban mutum ba ya sauya doka: makamai suna cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Wanda aka kama da bindigar da ba ta da lasisi shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali, wanda ya zuga shi yana gida.

Afuwar da Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi wa Jackson a watan Disamba na 2025 ita ma an juya ta, ana cewa kotu ta janye hukuncinta. Afuwa iko ne da sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna, tana sakin mutum amma ba ta goge dalilan alƙalai. Hukuncin Kotun Ƙoli na nan, ƙananan kotuna za su riƙa dubawa, kuma manomi ko makiyayi na gaba da ya ƙwace makami daga hannun mai kai masa hari za a tambaye shi me ya sa bai gudu ba. Gyaran wannan yana hannun majalisun dokokin jihohi, waɗanda ke da ikon fayyace a rubuce ko wanda aka riga aka raunata wajibi ne ya nemi hanyar gudu.