Ragar gyaran mahaifa: sa ta da sauƙi, cire ta da wuya

Kwanakin baya, a cikin shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce a sakaya sunanta. Ta ce an yi wa yayarta aiki a ƙasar waje saboda zazzagowar mahaifa, aka sa mata wata raga a jiki. Shekara uku bayan nan ba ta iya daɗewa a zaune, jini yana ɗan ɗigo mata, har maigida ma yana kukan wani abu na sukarsa lokacin kwanciya. Tambayarta ɗaya ce: ana iya cire ragar nan?

Ita dai zazzagowar mahaifa ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu. Naman da ke riƙe da mahaifa da mafitsara da dubura ne yake saki, sai su gangaro ta gaban mace, wani lokaci har su leƙo waje. Yawan haihuwa da doguwar naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi da tsufa, duk suna kawo ta. Da can likitoci sukan ɗinke wurin da naman jikin macen kanta. Da yake takan dawo wa wasu, sai kamfanoni a Amurka da Turai suka fito da wata raga ta roba, irin robar da ake kira polifurofilin, wadda ake sakawa ta gaban mace domin ta tallafe kayan cikin. A shekarun 2000 an yi ta sa wa mata ita babu ƙaƙƙautawa.

Ba a daɗe ba koke-koke suka fara. A shekarar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi na farko, a 2011 kuma ta ce matsalolin ba ƙalilan ba ne: kimanin mace ɗaya cikin goma ragar takan huda fata ta leƙo cikin shekara guda. Akwai kuma ciwon mara da na cinya da ba ya jin magani, da zafi wajen saduwa, da ruwa mai wari, wasu ma ragar takan ci ta shiga mafitsara ko hanji. Ostareliya ta hana ta a ƙarshen 2017, ministan lafiyarta Greg Hunt ya nemi gafarar matan a 2018. A watan Afrilun 2019 Amurka ta umarci kamfanoni su daina sayar da ita. A Ingila, kwamitin da Baroness Cumberlege ta jagoranta ya ba da rahoto a 2020, inda ya nuna cewa mata sun yi shekaru suna kuka, likitoci ba su saurare su ba.

To, mu koma ga tambayar mai sauraronmu. Ana cirewa, amma ba kamar zare ƙaya ba ne. An ƙera ragar ce domin nama ya tsiro ta cikin ƙofofinta, kamar yadda saiwar ciyawa ke kama wayar shinge, har su zama abu guda. In ɗan guntu ne ya leƙo, likita yakan ba da man shafawa mai sinadarin estirojin, ko ya datse guntun. In kuwa ciwo ya yi tsanani, ko ta huda mafitsara, sai babban aiki, a cire wani sashe ko a yi ƙoƙarin cire ta duka. Wasu ragogin suna da hannuwa da aka ratsa da su ta ƙashin ƙugu kusa da jijiyoyi, fitar da su na iya jawo zubar jini ko raunin mafitsara. Wata sai an yi mata aiki biyu ko uku. Bayan an cire ma, ciwon ba lallai ya tafi duka ba, kuma zazzagowar na iya dawowa. Shi ya sa Ingila ta buɗe cibiyoyi na musamman domin wannan aiki a 2021.

Sai dai kada a tsorata kowa. Wadda ke da raga kuma ba ta jin komai, shawarar masana ita ce ta bar ta, ta riƙa zuwa ana duba ta. Haka nan ragar da ake sawa ta hanyar fiɗar ciki daban take, har yanzu ana aiki da ita, ko da yake ita ma tana da nata haɗarin.

Ga wadda za a yi wa aiki, a gida ko a waje, ta tambayi likita ƙarara: za a sa mini raga? Wace iri, kuma ta ina? Ba za a iya gwada zoben roba mai tallafe mahaifa ba, ko motsa naman mara, ko ɗinki da naman jikina? Ta karɓi takardar aikin mai ɗauke da sunan ragar ta adana, domin ita likita na gaba zai fara nema. Ku kuma magidanta, in uwargida ta ce tana jin ciwo, a kai ta wajen likitan mata, a bar cewa raki ne. Kunya ba ta maganin ciwo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.