Shin Ko Kun San? Asibitin Da Aka Fara Da Dala Ɗaya Da Santi Goma

Shin ko kun san cewa an yi zamanin da likitan Amurka, in ya gama duba mai tarin fuka, abin da zai ce masa shi ne ya tattara nasa-ya-nasa ya tafi tsaunuka? A ƙarshen shekarun 1800 babu ƙwaya babu allura da ke kashe cutar. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne busasshiyar iska da hasken rana, shi ya sa majinyata suka yi ta kwarara birnin Denba na jihar Kolorado, wanda ke zaune a kan tudu mai tsawon mita 1,600 daga doron teku. Yawansu ya kai har aka riƙa kiran jihar asibitin duniya.

Shin ko kun san cewa a birnin Niyok an taɓa yi wa tarin fuka laƙabi da ciwon teloli? Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka baro Rasha da Folan da maƙwabtansu zuwa Amurka, suna gudun talauci da kisan gilla, kuma da yawansu ɗinki suka kama. Ku ƙaddara ɗaki guda, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda sanyi. Kekunan ɗinki a jere, dutsen guga na fitar da tururi, ƙurar yadi ta cika iska, ana aiki tun asuba har dare ya raba. Da daddare a ture tsummoki gefe a kwanta a nan. Mutum ɗaya ya fara tari, sauran sai su fara ƙirga kwanaki.

Abin mamaki, wani likita mai suna Maurice Fishberg ya bi alƙaluman mace-macen birnin, ya tarar Yahudawan ba su kai sauran baƙi irin su 'yan Ayalan mutuwa da cutar ba. Laƙabin dai ya riga ya bi su.

Shin ko kun san cewa tun 1882 Robert Koch, likitan Jamus, ya gano ƙwayar cutar? Ranar 24 ga Maris ya sanar, shi ya sa har yau ita ce Ranar Tarin Fuka ta Duniya. Sai dai ganowar ta fara jawo wa majinyata tsangwama kafin ta jawo magani. Da aka tabbatar ana ɗauka, masu gidajen haya a Denba suka riƙa korar duk wanda suka ji yana tari, wasu suka koma kwana a titi. A 1907 dokar shige da fice ta Amurka ta sa tarin fuka cikin cututtukan da ke hana baƙo shiga ƙasar.

Shin ko kun san cewa mace ce ta fara tsayawa a kan lamarin? Frances Wisebart Jacobs, wadda mutanen Denba ke kira Uwar Masu Taimako, ta riƙa bin marasa lafiya unguwa-unguwa da miya da sabulu da gawayi. Ita da malamin Yahudawa William Friedman suka tara kuɗin gina asibiti. Ba ta ga kammalarsa ba, ciwon haƙarƙari ya ɗauke ta a 1892 tana da shekara 49. An gama ginin a 1893, daidai lokacin da farashin azurfa ya faɗi, tattalin arzikin Kolorado ya durƙushe. Ginin ya zauna wayam shekara shida, sai a Disambar 1899 ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith ta sa kuɗi aka buɗe shi da sunan National Jewish Hospital.

Takensa kuwa ya isa a tsaya a kansa: mai halin biya ba ya shiga, wanda ya shiga ba ya biya. Kuma majinyaciyar farko da aka kwantar Kirista ce, 'yar asalin Suwidin, daga jihar Minesota.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Shin ko kun san cewa Yahudawan da kansu sun yi saɓani a kan wannan asibiti? Waɗanda suka gina shi zuriyar Jamus ne, sun daɗe a Amurka, sun yi arziki, sun sassauta a addini. Sharuɗɗansu: sai wanda ciwonsa bai yi nisa ba, kuma wata shida ne iyakar zama. Ɗakin girkinsu ba ya bin ƙa'idar kosha, wato halas ɗin Yahudawa, wadda ta hana naman alade, ta shar'anta yanka, ta kuma hana haɗa nama da madara a ci guda. Likitocin kuwa nama da madara suke ɗura wa majinyaci don ya yi ƙiba. Sai ga tela daga Rasha, ba ya jin Turanci sai Yidish, ya sayar da keken ɗinkinsa ya yi kuɗin jirgin ƙasa, ya iso yana tofar da jini. A ce masa ciwonsa ya wuce a karɓe shi. In ma an karɓe shi, a ajiye masa abincin da addininsa ya hana. Sai a 1923 asibitin ya buɗe ɗakin girkin kosha.

Shin ko kun san nawa talakawan suka tara ranar da suka yanke shawarar gina nasu? A ƙarshen Oktoban 1903 wasu 'yan ƙwadago, yawancinsu su ma masu tarin ne, suka taru a yammacin Denba, kowa ya lalube aljihunsa. Da aka ƙirga, dala ɗaya da santi goma. Ni kam da ina wurin da na ce a sayi burodi a watse. Su ba su watse ba. A 1904 suka kafa Jewish Consumptives' Relief Society, JCRS a taƙaice, suka sayi fili eka 20 a bayan gari, suka kafa tantuna shida na katako da tamfol, suka buɗe da majinyata bakwai. Dokarsu ita ce a karɓi kowa, ko da rai kwakwai mutu kwakwai yake, ko wane addini yake bi, kuma ko sisin kwabo ba a karɓa. Takensu daga Talmud, littafin malaman Yahudawa, suka ɗauko shi, a kan cewa ceton rai ɗaya daidai yake da ceton duniya duka, ma'anar da duk wanda ya san aya ta 32 ta Suratul Ma'ida zai gane nan take.

Kuɗin gudanarwa daga ƙananan gudummawa ya riƙa fitowa, musamman ƙungiyoyin mata na birane daban-daban. Gine-ginen ma wasu sunayen masu bayarwar aka sa musu, akwai na matan Niyok, akwai na mutanen Tekzas.

Shin ko kun san mene ne maganin da ake bayarwa a can? Hutu, iska, rana, abinci. Majinyaci ya kwana a baranda cikin bargo ko da dusar ƙanƙara na zuba, ya sha madara ya ci ƙwai har su ginshe shi. Wani lokaci likita ya hura iska a ƙirji don huhun da ya kamu ya lafe ya huta. Wurin ya bunƙasa har eka 148, da garken shanunsa da kajinsa, da wurin ibada, da maɗaba'a da sashen ɗinkin littattafai inda masu samun sauƙi ke koyon sana'ar da ba za ta mayar da su ɗakin ƙura ba. Cikin shekara hamsin an yi jinyar mutum kusan 10,000. Gaskiya ɗaya ce, da yawa ba su koma gida ba. A maƙabartar Golden Hill akwai wani gefen tudu da aka keɓe wa matalautan da cutar ta kashe, nesa da danginsu. A ganina abin da JCRS ta fi bayarwa shi ne mutum ya yi jinya cikin masu jin yarensa, ya ci abin da zuciyarsa ta natsu da shi, in ajali ya zo a yi masa sutura yadda addininsa ya tanada.

Shin ko kun san cewa har gidan waya wurin ya samu, mai suna Spivak? Sunan Dakta Charles Spivak ne, haifaffen Kremenchug a Yukren ta yau, wanda ya zo Amurka a 1882 ya yi leburanci kafin ya karanta likitanci. Rashin lafiyar matarsa ce ta kai shi Denba a 1896. Shi ne sakataren ƙungiyar tun kafuwarta har ya rasu a 1927, kuma ya bar wasiyyar a kai ƙasusuwansa jami'ar Ibraniyanci ta Birnin Ƙudus don ɗaliban likitanci.

Marubutan Yidish ma ciwon bai bar su ba. David Edelstadt, mai ɗinkin gidan maɓalli kuma mawaƙin 'yan ƙwadago, ya rasu a Denba a 1892 yana ɗan shekara 26. Yehoash ya je Denba jinya, ya ƙare da haɗa ƙamus shi da Spivak a 1911. H. Leivick ya kwanta a JCRS a shekarun 1930. Ciwon ya taɓa har gidan su Golda Meir, wadda ta zama firaministar Isra'ila a 1969: ta gudu daga gidan iyayenta a 1913 zuwa wurin yayarta Sheyna, wadda tarin fuka ya kai Denba.

Shin ko kun san cewa City of Hope, babban asibitin ciwon daji na Kalifoniya, da tanti biyu ya fara? Wata ƙungiyar Yahudawa mai irin wannan manufa ce ta kafa shi a 1913.

Shin ko kun san abin da ya kwashe majinyata daga waɗannan gidajen jinya? A 1943 ɗalibi Albert Schatz ya gano maganin streptomycin a ɗakin binciken Selman Waksman na jami'ar Rutgers. Waksman shi ma Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Yukren a 1910, shi ya karɓi kyautar Nobel a 1952, shekarar da maganin isoniazid ya fito. A 1954 JCRS ta juya zuwa jinyar ciwon daji, yau kuma kwalejin zane-zane ce ke zaune a harabar. National Jewish na nan yana aikin cututtukan huhu.

Mu a nan tarin fuka bai tafi ba, Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu ɗauke da shi. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu, don Allah ya je a duba majinarsa.