Kwamfutar da Ke Tashi Yau Ta Ƙi Gobe

Cikin matsalolin kwamfutar tebur wadda aka harhaɗa kayanta ɗaya bayan ɗaya, babu mai cin rai kamar ta tashi yau ta ƙi gobe, domin wadda ta mutu murus ba ta wahalar da mai gyara, amma mai wasan ɓuya sai ta tashi lafiya lau da zarar an ajiye ta a gabansa. A Kuje, inda shagunan buga takardu da wuraren koyon kwamfuta ke amfani da irin waɗannan na'urori, waɗanda akan sayo kayansu sababbi da na hannu daga Banex da ke Wuse ko daga Ikeja, abin da aka fi gaggawar yi shi ne a goge Windows a sake zuba wata, alhali sau da yawa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Kafin Windows ta soma aiki, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, wadda ke zaune a jikin madabod, wato babban allon da sauran kaya ke maƙale a kansa, kuma ita ce ke fara duba furosesa da ram da katin hoto. Idan fanka na juyawa amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, to galibi wannan binciken ne bai kammala ba, sai a saurari ƙarar da na'urar ke yi ko a dubi 'yan fitilun madabod, a nemi ma'anarsu a littafinsa, don kowane kamfani da irin tasa.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne akwatin wuta, wanda ke karɓar bolt 230 daga bango ya mayar da shi bolt 12 da 5 da 3.3. A tsarin ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, akwatin ba ya ba madabod izinin tashi sai wutar ta daidaita, kuma ragin da aka yarda da shi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, wato layin bolt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4. Akwatin da 'yan tulunan ajiyar caji na cikinsa suka tsufa yakan cika wannan sharaɗi wani lokaci, ya kasa wani lokaci, musamman da maraice idan wutar unguwa ta yi rauni, ko a kan ƙaramin janareta lokacin da injin fotokofi ya ja nasa kason. Abin takaici, a nan ne masu harhaɗawa suka fi tsuke hannu bayan sun zuba kuɗi a furosesa, kuma araha ba ta ado. Gwajin akwatin shi ne a aro wani mai kyau a sa na 'yan kwanaki. Buɗe cikinsa kuwa kasada ce, domin yana riƙe caji bayan an zare waya.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cusa ta cikin ramin da ram ke zama, zafin rana da sanyin asuba kuma su sassauta zamansa. A kashe wuta, a zare ram, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilinar fensir, a mayar har maƙallan su ce ƙas, sannan a gwada sanda ɗaya-ɗaya, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike. Fulogin akwatin wuta mai baki 24 da ke shiga madabod shi ma a danna shi sosai.

Idan agogon kwamfutar na komawa wata tsohuwar shekara, ɗan batirin madabod ne mai kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3, ya ƙare. Duk wanda ya sauya abu biyu a lokaci guda ba zai san wanne ne mai laifi ba, don haka ake sauya ɗaya, a rubuta ranar da sa'ar da irin wutar da ake kai, a jira mako guda kafin a taɓa na gaba.