Yadda Za Mu Ja Wayar USB Zuwa Kan Soro a Tamanrasset

Da yawanmu da ke bi ta Agadas, Arlit da Assamaka mu shiga In Guezzam, sannan mu ci kusan kilomita 400 zuwa Tamanrasset, mun san wannan matsala. Ka sauka masauki, maigida ya ba ka izinin Wi-Fi ɗinsa, amma katanga ta tare shi. Ga mai saye yana jiran hoton dabbobi, ga farashi na sauyawa, musamman lokacin kasuwar Assihar. Dabarar ita ce a ɗaura na'urar kama Wi-Fi mai USB a kan soro, a jawo wayarta zuwa kwamfuta a ɗaki.

To, a nan ake yin kuskure. Wayar USB 2.0 ba ta wuce mita 5, ta USB 3.0 kuwa kamar mita 3 ce. Wutar da ke bin ta volt 5 ce kacal, tana raguwa in waya ta yi tsawo. Shi ya sa in ka harhaɗa wayoyi, na'urar sai ta kama ta saki.

Hanyoyi biyu muke ba da shawara. Ta farko, a sayi waya mai ɗan akwati a jikinta da ke ƙara wa saƙo ƙarfi. Ana iya haɗa irinta har biyar, wato kusan mita 30 ke nan, ba ƙari. Ta biyu, in nisa ya fi haka, a nemi akwatuna biyu masu ɗaukar USB ta wayar intanet irin Cat5 ko Cat6, a kuma sa wa na saman wutarsa daban. Kada mu ƙara tsawon wayar eriya maimakon haka, domin a cikinta saƙon ya fi mutuwa.

Sai kuma tsaro. Ranar Hoggar na fasa roba, ƙura na shiga mahaɗi. Mu zura wayar cikin bututu, mu sa na'urar a robar da bakinta ke kallon ƙasa. In hadari ya taso da damina, a zare wayar daga kwamfuta, kada tsawa ta yi mana ɓarna.

Kafin ka biya, gwada a shagon. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.