Yaron Tsintar Ƙwallo Da Ya Ka Da Vilas A Wimbledon

Duk wanda ya bi ta unguwar Runjin Sambo a birnin Sakkwato bayan sallar la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi, zai tarad da yara sun kafa duwatsu a kowane sarari suna buga tamaula. Unguwa ce da ma'aikatan Gwamnati da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke yawan zirga-zirga, saboda haka ba a rasa masu bin labarin wasannin duniya a cikinta. Akwai waɗanda za su iya lissafa kofunan Roger Federer da Rafael Nadal da Novak Djokovic ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Amma da wuya a sami wanda zai tuna cewa an yi shekarar da wani ɗan Nijeriya ya shiga cikin mutum 16 na ƙarshe a gasar Wimbledon ta Ingila, wadda ta fi kowace gasar ƙwallon tanis daɗewa, domin tun 1877 ake yin ta. Sunan mutumin Nduka Odizor, shekarar kuwa 1983.

An haifi Odizor a Ikko ran 9 ga watan Agusta, 1958. Ba ɗan masu hali ba ne, alhali kuwa a wancan zamani tanis wasa ne na Turawa da manyan ma'aikata, ana yin sa a kulob-kulob ɗin da talaka ba ya shiga sai da dalilin aiki. Ta wannan ƙofa ta aiki yaron ya shiga. A Kulob ɗin Ikoyi ya zama yaron tsintar ƙwallo, watau mai tsayuwa a gefen fili yana ɗauko ƙwallon da ya fita yana miƙa wa masu wasa. Aikin ba ya kawo wani kuɗin kirki, amma duk yaron da ya yini yana kallon yadda ake riƙe raket da yadda ake jefa ƙafa, to, makaranta yake yi ba da saninsa ba. In manya suka tashi, fili ya zama na yara.

A nan ne wani malamin Jami'ar Houston ta Amurka mai suna Robert Wren, wanda ya zo koyarwa a Jami'ar Ikko, ya lura da hannun yaron. Shi ya ɗauki nauyin tafiyarsa Amurka don ya yi karatu ya kuma ci gaba da wasa. Daga bisani Odizor ya shiga Jami'ar Houston, ya yi mata wasa har zuwa 1981, aka kuma lissafa shi cikin gwanayen jami'o'in ƙasar. Amurkawa, da yake sunan Nduka ya yi musu nauyi a baki, sai suka riƙa kiransa Duke.

Ya kamata mai karatu ya san irin matsayin da tanis yake da shi a Nijeriya a waɗannan shekaru na arzikin man fetur. A watan Fabrairu na 1976 an shirya babbar gasar ƙwararru a Ikko, har aka kawo Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda ya ci Wimbledon a 1975. Ana cikin gasar ne, ranar Juma'a 13 ga wata, aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed a yunƙurin juyin mulkin Laftanar-Kanar Dimka. Da aka koma wasa bayan kwana uku, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak, sai ga sojoji sun faɗo cikin fili da bindigogi, suka fitar da 'yan wasa, 'yan kallo suka watse. Haka baƙin suka bar ƙasar ba a gama gasar a Ikko ba. Abin baƙin ciki ne, amma ya nuna cewa a lokacin Nijeriya tana iya gayyato zakaran duniya ya kuma amsa.

RANAR VILAS

Ga wanda bai saba da wasan ba, ana iya kwatanta shi da dambe. Kamar yadda ake yin dambe turmi-turmi, haka ma tanis. A manyan gasanni na maza, wanda ya fara cin turmi uku cikin biyar shi ya yi nasara. Mutum 128 ne suke shiga Wimbledon, wanda aka ka da ya tafi gida, ba a ba shi wata dama.

A zagayen farko na 1983 ƙuri'a ta haɗa Odizor da Guillermo Vilas na ƙasar Ajantina. Vilas ba kanwar lasa ba ne. Ya riga ya ci manyan kofuna huɗu: na Faransa da na Amurka a 1977, na Ostareliya a 1978 da 1979, kuma shi ne na huɗu a jerin gwanayen da masu gasar suka zaɓa a wannan shekara, bayan Jimmy Connors da John McEnroe da Ivan Lendl. Aka fara wasa, Vilas ya ci turmin farko 6 da 3, ya ci na biyu 7 da 5. Saura turmi ɗaya ya sallami ɗan Nijeriya, 'yan kallo kuwa sun ɗauka magana ta ƙare.

Turmi na uku ya yi zafi har aka yi kunnen doki 6 da 6, aka shiga bugun raba gardama, inda maki biyu ko uku kan raba mutum da gasa. Odizor ya ƙwace shi. Daga nan wasa ya juya. Ya ci na huɗu 7 da 5, na biyar kuwa 6 da 2, lokacin da Vilas ya riga ya sare. Washegari sunansa ya cika jaridun Ingila, masu ba da labari a rediyo suna ta fama da yadda za su furta shi.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa Vilas gwanin filin jar ƙasa ne, inda ƙwallo yake tashi a hankali. A filin ciyawa na Wimbledon, inda ƙwallo yake sulɓewa ƙasa-ƙasa, bai taɓa wuce matakin mutum takwas na ƙarshe ba. Odizor kuwa mai ƙarfin bugun farko ne, mai rugawa bakin raga ya tare ƙwallo kafin ya taɓa ƙasa, salon da ciyawa take so ke nan. Duk da haka, a tashi daga turmi biyu a ƙasa a ka da mutum irin Vilas, sai mai zuciya. Bai kuma tsaya nan ba, ya ci wasa biyu a gaba, ya kai zagaye na huɗu, inda Chris Lewis na ƙasar New Zealand ya tare shi. Lewis ɗin nan shi ya je har wasan ƙarshe, McEnroe ya cinye shi.

A ƙarshen shekarar Odizor ya ci gasar birnin Taipei, bayan ya ka da Scott Davis na Amurka, kofi ɗaya tak ke nan da ya samu a manyan gasannin 'yan ɗai-ɗai. A wasan 'yan bibbiyu ya fi samun rabo, domin kofuna bakwai ya ci, wasu tare da David Dowlen. A 1984 ya kai na 52 a jerin gwanayen duniya, a 'yan bibbiyu kuma na 20. Ya ci gaba da wasa har farkon shekarun 1990. Har yau babu ɗan Nijeriya da ya kamo wannan matsayi.

Wani abin lura shi ne, mako biyu kafin wasan Vilas, Yannick Noah ya ci babban kofin Faransa. Noah ya tashi ne a Yawunde ta ƙasar Kamaru, inda Arthur Ashe ya gan shi a 1971 yana ɗan shekara 11, ya yi masa hanya hukumar tanis ta Faransa ta ɗauke shi. Yara biyu na Afirka ke nan suka yi fice a wata guda, kowannensu kuma baƙo ne ya tsinto shi, ƙasar waje ta rene shi. Ba a ji wata ma'aikatar wasanni ta gida da za ta bugi ƙirji ta ce shirinta ne ya fitar da su ba. Bambancin kawai shi ne Noah ya yi wa Faransa wasa, Odizor kuwa ya riƙe tutar Nijeriya, ya buga mata gasar Kofin Davis.

UKU A SEOUL

Ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. Sa'ad da aka mai da tanis cikin wasannin Olimfik a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1988, bayan rabonsa da su tun 1924, Nijeriya ta aika da mutum uku: Odizor, da Tony Mmoh, da Sadiq Abdullahi. Sadiq, wanda ya kai na 262 a duniya a 1985, ya haɗu da Javier Sánchez na Sifen a zagayen farko, bai yi nasara ba. Amma ɗalibai su lura da abin da ya biyo baya: bai yar da littafi ba, ya yi karatu har ya sami digirin dakta a fannin ilmi a Jihar Florida, ya kama aikin koyarwa. Ɗan wasa in ya daɗe ya yi shekara goma sha biyar a fili, sa'an nan gwiwa da kafaɗa su ce sun gaji.

Me ya sa ba a sami magada ba? Babban dalili kuɗi ne. Ƙwararren ɗan tanis shi yake biya wa kansa kuɗin jirgi da masauki da mai koyarwa, yana bin gasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana tara maki, wanda aka ka da a zagayen farko kuwa sau da yawa ko kuɗin tafiyarsa ba ya mayarwa. Kafin 1986 Naira tana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka. Da Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a wannan shekara, darajarta ta faɗi, raket da ƙwallo da takalmi, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Gasannin gida, irin su Ogbe Hard Court ta birnin Benin da ta filin jar ƙasa ta Kaduna da Dala Hard Court ta Kano, su ne suka zama matakalar matasa, to amma matakala ce da ba ta kai mutum Landan sai da mai riƙe masa ita.

A Sakkwato akwai ƙarin wahalar zafi, domin a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, daɓen fili kuma ya yi kamar tanda, ba a iya wasa sai da asuba ko da yamma lis. Wannan ba hujja ba ce ta barin filayen makarantu da na gidajen ma'aikata su tsattsage, raga ta ruɓe, domin gyaran daɓe ɗaya bai kai kuɗin shirya taron bikin wasanni guda ba.

Shi kuwa Tony Mmoh, wanda ya tsaya a na 105 a duniya a 1987, ya tafi Saudiyya aikin koyar da tanis. A birnin Riyad aka haifa masa ɗa mai suna Michael a 1998. Michael Mmoh ya shiga cikin gwanaye ɗari na farko a 2018, matsayin da mahaifinsa ya rasa da tazarar mutum biyar, amma da tutar Amurka ya shiga.